Zama a Tanja da aikin intanet: amsa ga ƙanena mai shirin tasowa daga Kano

Wani ƙanena a Kano ya aiko min da tambaya. Yana rubuta manhaja ga wani kamfani da ke Turai, ana biyansa da yuro, amma kuɗin man janareta da katsewar intanet ana tsakiyar taro sun kai shi bango. Ya ga hotunan birnin Tanja na ƙasar Maroko, ya ji an ce rayuwa da sauƙi, yana so ya kwashi iyalinsa su dawo nan ya ci gaba da aikinsa daga gida. Abin da ya tambaya biyu ne: intanet ɗin yana da ƙarfi, kuma nawa zai ishe shi a wata?

Ƙanena, shekarata ta shida ke nan a garin nan ina aikin fassara daga ɗakina, don haka abin da zan faɗa maka gani ne, ba ji ba. Ana iyawa, kuma ni ban yi da-na-sanin zuwa ba. Sai dai ka faro tambayar daga wutsiya. Intanet da wuta su ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da zai sa ka zauna lafiya ko ya mayar da kai gida cikin wata uku shi ne takarda. Bari in sallami masu sauƙin tukuna.

Wuta dai ka cire ta daga lissafi. Ba ni da janareta, ba ni da batir, kuma ɗauke wutar da na gani a shekarun nan zan iya ƙirga su da yatsun hannu. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, ba mai ƙafa uku irin namu na Najeriya ba, sai ka zo da mahaɗi. Kamfanonin waya uku ne: Maroc Telecom, Orange da inwi. Na farkon shi ne uwar kamfanin Moov Africa da 'yan'uwanmu na Nijar suka sani. Da fasfo ɗinka za ka yanki layi a rana ɗaya. Intanet na faiba ya shiga yawancin sababbin benaye, amma kada ka tambayi dillali ko unguwar tana da faiba, domin zai ce maka e. Ka hau matakalar benen da kanka ka ga akwatin kamfanin a bango, ka tambayi mai gadi ko akwai wanda aka ja wa a ciki. A tsohon gari, inda bango ke da kauri kuma lunguna ƙanana ne, abin kan yi wuya. Ka riƙe layi na biyu daga wani kamfanin daban saboda tsaro. A 2016 an taɓa toshe kiran WhatsApp da Skype, aka buɗe a watan Nuwamba na shekarar, kuma tun da na zo ina kiran gida ba matsala.

Sai maganar agogo. A 2018 Maroko ta koma kan lokaci ɗaya da Kano da Yamai. A wannan tsarin, da hunturu agogonka ɗaya da Faris da Balin, da bazara sun riga ka da awa guda. Wurin da baƙo ya saba yin tuntuɓe a tsarin shi ne azumi: gab da Ramadan ana mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, sai bayan Sallah a dawo da shi. Wayarka na iya canzawa da kanta, kwamfutarka ta ƙi, ko su canza a ranakun da ba su ba. Duk makon da aka canza agogo ka duba lokacin kowane taro sau biyu.

To, yanzu ga maganar takarda.

In ka tsaya a dandalin da ake kira Sur al-Ma'agazin a kan titin Pasteur ranar da gari ya washe, za ka hango duwatsun Sifaniya a ƙetaren ruwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A inda mashigin ya fi tsukewa, kilomita 14 ne kawai tsakanin Afirka da Turai, kuma jirgin ruwa daga tashar cikin gari zuwa garin Tarifa na Sifaniya tafiyar kamar awa ɗaya ce. Wannan kusancin shi ne arzikin Tanja, kuma shi ne abin da ya sa shawarar da kake karantawa a intanet ba da kai ake yi ba. Yawancin masu rubuta ta Turawa ne. Bafaranshe ko Ba'amurke yana shigowa ba biza, a buga masa kwana 90, in sun kusa cika ya hau jirgin ruwa ya sha gahawa a Tarifa, ya dawo a sake buga masa wasu 90. Kai mai koren fasfo ba ka da wannan ƙofar. Tsallakawa Sifaniya sai da bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, dawowa kuma sai da sabuwar bizar Maroko.

Ɗan Najeriya yana neman biza a ofishin jakadancin Maroko kafin ya taso. Tun 2022 akwai bizar intanet ga wanda ke riƙe da biza mai rai ta Shengen ko Amurka ko Ingila, amma zaman kwana 30 take bayarwa. Ɗan Nijar ya fi mu sauƙi, yana shiga ba biza har kwana 90, kodayake lokacin gasar kofin Afirka ta 2025 an ɗora musu neman izini ta intanet na ɗan lokaci. Ko ma wanne ne kai, Maroko ba ta da wata biza ta musamman don masu aiki daga nesa. Dokar baƙi mai lamba 02-03 ta shekarar 2003 ita ke aiki, kuma ta ce duk wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi katin zama. Ana nema ne a sashen baƙi na ofishin 'yan sandan garin da kake, kuma kafin kwanakinka su ƙare, ba bayan sun ƙare ba.

Katin yana da aji-aji: na ɗalibi, na ma'aikacin da kamfanin cikin ƙasa ya ɗauka, na mai kamfanin kansa, na iyali, da na baƙo mai cin gashin kansa. Wannan na ƙarshen shi ne masu irin aikinmu suka fi nema: ka nuna kuɗi na shigo maka daga waje, sun isa su riƙe ka, kuma ba za ka nemi aiki a cikin ƙasar ba. Za a tambaye ka yarjejeniyar haya da aka buga wa hatimi a ofishin unguwa, wanda suke kira muƙaɗa'a, da bayanin asusunka na banki, da takardar likita, da shaidar cewa ba ka da tarihin laifi. Wannan ta ƙarshen ka karɓo ta tun a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In sun karɓi takardunka za su ba ka rasit, kuma rasit ɗin nan shi ne kai har katin ya fito, wanda kan ɗauki watanni. Wasu kan zaɓi su buɗe ƙaramin kamfani su riƙa aika wa abokan cinikinsu takardar biya da sunansa. Hanya ce mai tsabta, sai dai tana zuwa da akanta da haraji duk shekara. Ni shawarata, kafin ka sayi tikiti ka je ofishin jakadancin ka faɗa musu gaskiyar niyyarka, ka tambayi bizar da za ta ba ka damar neman katin zama. Kada ka yarda ka wuce wa'adi ko da kwana ɗaya. Wanda ya wuce, ba a filin jirgi ake sasantawa ba, sai ya bi ta gaban hukuma kafin a bar shi ya fita.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan, zan faɗa maka shi ba ɓoye-ɓoye. Tanja mashiga ce ta masu neman tsallakawa Turai ta ɓarauniyar hanya, kuma da yawansu baƙar fata ne irinmu daga ƙasashen kudu da Sahara. Saboda haka wanda ya gan ka a titi bai san kai mai rubuta manhaja ba ne. Wata rana ina cikin motar haya ta mutum shida za mu wajen garin Ksar Sghir, a hanyar babbar tashar jiragen ruwa ta Tanger Med, aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya leƙo ya duba fuskoki, ya wuce mutum huɗu, ya tsaya a kaina da wani yaro da ke gefena. Na miƙa katina, ya juya shi gaba da baya, ya ce min "marhaba" ya mayar min. Yaron ba shi da komai sai hoton fasfo a waya. Aka sauke shi, motarmu ta wuce, ina hango shi ta gilashin baya yana riƙe da ledarsa. Har yau yana zo min a rai. Tun daga ranar ko shagon ƙasan bene zan sauka, katina yana aljihu.

Za ka gamu da irin wannan wariyar a neman gida ma. Na taɓa gama magana da wani mai gida ta waya da Larabci, muka daidaita har kuɗi, da na iso ya gan ni sai ya ce ɗan'uwansa ya riga ya ba wani. Yara a wasu unguwanni kan kira ka da sunan da ba shi da daɗi, manya kuma su ce maka "mon ami", wato abokina, sunan da suke kiran duk baƙin Afirka da shi. Ba zan ce maka kowa haka yake ba, don zai zama zalunci ga mutanen da suka riƙe ni kamar ɗan'uwa. Maƙwabciyata, tsohuwa ce Bajabaliya, wato 'yar Jabala, mutanen duwatsun da ke kusa da garin, ba ta taɓa dafa kuskus ranar Juma'a ba ta aiko jikanta da kwano ba. Amma ka shigo da sanin abin, ka kuma shirya wa matarka zuciya, kada ya zo muku ba zato.

Abin da ya fi komai sauya yadda ake kallonka shi ne harshe. Larabcinsu na titi, Darija, ba shi ne wanda muka koya a Islamiyya ba, watannin farko ba za ka tsinci komai ba sai sallama. Amma su suna jin naka. In ka buɗe baki da Larabcin littafi, mai shago zai ɗago kai ya sake dubanka, ya tambaye ka inda ka yi karatu. Faransanci shi ne harshen banki da yarjejeniya da asibiti, a nan 'yan Nijar suka fi mu. Tsofaffi da yawa suna jin Sifaniyanci, saboda arewacin ƙasar ya zauna ƙarƙashin Sifaniya, Tanja kanta kuma ƙasashen Turai da dama suka yi mata mulkin haɗin gwiwa daga shekarun 1920 har zuwa 'yancin kai a 1956. Turanci sai wajen matasa.

Sai kuɗi. Dirhami ba kuɗi ne da ake fita da shi yadda aka ga dama ba. Babban bankinsu ya ɗaure shi da kwandon yuro kashi 60 da dala kashi 40, shi ya sa ba ya irin tsallen da naira ke yi. Yuro ɗaya yana kai-komo ne a wajen dirhami 10 zuwa 11, kuma wannan natsuwar kaɗai hutu ce ga wanda ya saba kwana da farashi ya tashi da wani. Amma shigar da kuɗi ta fi fitar da su sauƙi. In za ka buɗe asusu, ka ce kana son na dirhami mai canzuwa, wanda ake zuba masa kuɗin waje kuma kana iya mayar da abin da ya rage zuwa yuro. In ka zuba albashinka a asusun dirhami na gama-gari, fitar da shi sai da hujjoji. Ni ba na kawo duk kuɗina nan, abin da zan ci a wata kawai nake turowa. Kada ka dogara da katin naira, ka zo da na asusun dala ko yuro. Yawancin na'urorin cirar kuɗi dirhami 2,000 suke bayarwa a cira ɗaya, kuma haya da tasi da kasuwa duk da tsabar kuɗi ake yi.

In wani ɓangare na albashinka da kuɗin kirifto ake biyanka, kamar yadda samarinmu da yawa suke yi, ka sani tun Nuwamba 2017 hukumar canjin kuɗi ta ƙasar ta sanar cewa mu'amala da shi saɓa doka ce. Ban da haka ma, mai duba takardar zamanka bayanin banki yake son gani, kuɗi na shigowa da sunanka wata bayan wata. Ka gyara hanyar biyanka tun kana Kano, ka tara bayanin aƙalla wata shida. Haraji kuwa, wanda ya yi kwana 183 a cikin 365, ko ya mayar da nan gidansa na dindindin, ya zama mazauni a idon hukumar haraji, kuma abin da yake samu daga waje ma ya shiga lissafi. Ka ware kuɗin zama da akanta sau ɗaya a watanka na farko. Wanda ya samu katin zama yana iya shiga tsarin masu sana'ar kansu, inda mai aikin hidima ke biyan kashi 1 cikin 100 muddin cinikinsa bai wuce dirhami 200,000 a shekara ba. Albashi irin naka mai yiwuwa ya haura wannan.

Nawa zai ishe ka? Haya ce za ta yanke hukunci. A abin da na gani, gida mai ɗaki biyu da kayan ciki a tsakiyar gari ko unguwar Iberiya ko Marshan, ka sa ran dirhami 5,000 zuwa 8,000. Malabata a bakin teku ta fi haka, unguwanni irin su Branes da Mesnana sun yi ƙasa sosai. Don ka gane ma'aunin, mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya ɗan haura dirhami 3,000 ne a wata. Abinci ba ya kayar da mutum: burodi zagayayye dirhami ɗaya da 'yan kai, tukunyar gas babba dirhami 50, kifin sadin da kayan lambu araha, kwanon bisara, wato fate-faten wake da man zaitun, ya ishe ka karin kumallo. Ranar Alhamis da Lahadi matan Jabala masu malafa suna saukowa daga duwatsu da cuku da ganye zuwa wajen kasuwar Suƙ Barra. Abin da ya shafi gyaran waya ko kwamfuta, kasuwar Kasabarata. Mutum biyu da ba sa almubazzaranci, ni zan ce su tanadi dirhami 12,000 zuwa 15,000 a wata, har da inshorar lafiya, wadda ba zan yarda ka zauna babu ita ba, domin asibitocin kuɗi kan nemi ajiya kafin su kwantar da mutum. Garin yana ƙara tsada. Ya haura mutum miliyan ɗaya, masana'antu sun cika shi tun da aka buɗe Tanger Med a 2007 da kamfanin motoci na Renault a 2012, ga kuma shirin gasar kofin duniya ta 2030.

Wajen haya ka lura da tarko ɗaya. A Yuli da Agusta 'yan ƙasar mazauna Turai suna dawowa hutu ta wannan mashigin, gari ya cika maƙil, gidan da ake bayarwa a wata ya koma ana bayar da shi a kwana. Masu gida da yawa za su ba ka daga Satumba zuwa Yuni kawai, su ce ka tashi da bazara. Ka sa a rubuta shekara cikakkiya, a buga hatimi. Dillali, wanda suke kira samsar, yakan karɓi kuɗin wata guda.

Abin da hotuna ba su nuna maka ba shi ne hunturu. Mu mun san sanyin da ke busar da leɓe ya fasa ƙafa. Na nan jiƙaƙƙe ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ake yi, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, sai ka ga cikin gida ya fi waje sanyi. Shekarata ta farko na kama gida mai kallon arewa, rana ba ta shiga. Wata safiya a Janairu na buɗe kabad zan ɗauko takalmin fata da na zo da shi daga Kano, na tarar ya yi kore shar da fumfuna, manyan rigunana duk suna warin danshi, bangon bayan kabad ɗin ya yi baƙi har ƙasa. Tari ya kama ni wata guda. Suna kiran abin ruɗuba, kuma kowane ɗan Tanja ya san shi. Ka nemi gidan da tagoginsa ke kallon kudu, ka ja kabad daga bango ka shafa da hannunka kafin ka biya ko sisi, ka sayi na'urar tsotse danshi. Ga kuma iskar gabas da suke kira sharƙi, wadda kan yi kwanaki tana kaɗawa har a dakatar da jiragen ruwa. In taronka na murya ne, kada teburinka ya zauna jikin taga.

Ta fuskar addini kuwa za ka ji kamar ba ka bar gida ba. Malikawa ne, kuma da ruwayar Warshu suke karatu, irin wadda aka biya mana a makarantar allo. Ranar da na fara zama bayan Magariba na ji jama'a sun haɗa murya suna karanta hizbin ranar, na ɗauki Alƙur'ani daga kanta na ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar rubutun malaminmu, sai da idona ya ciko. Dangantakar tsohuwa ce. Ibn Baɗɗuɗa, wanda filin jirgin garin ke ɗauke da sunansa, a nan aka haife shi a 1304, kuma a 1353 ya isa Takadda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullarta. In kana da niyyar ziyarar zawiyar Shehu Tijjani, Fas tafiyar 'yan awoyi ce a jirgin ƙasa. Sai dai ka sani yawancin masallatai ana rufe su tsakanin salloli, kuma hutun mako Asabar da Lahadi ne, Juma'a ranar aiki ce mai dogon hutun rana.

Game da iyali, ka zo da takardar aure, a fassara ta wajen mai fassara da kotu ta rantsar, za a nema a wajen katin zaman matarka. Ka yi tunaninta sosai. Kai kana da aiki da zai cinye maka yini, ita kuwa za ta bar gidan da ake shiga ana fita, da biki da suna, ta zo bene hawa na huɗu inda ba ta jin harshen kowa. Hausawa a Tanja ba su da yawa, ɗalibanmu sun fi yawa a Rabat da Fas. Ku nemi malamar Darija tun makon farko. Gero ana samu wajen masu kayan ƙamshi da sunan illan, kuɓewa tana zuwa da lokacinta, amma kuka da daddawa sai daga gida.

Hanya ba wuya: Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja da Yamai zuwa Kasabalanka, daga can jirgin ƙasa mai gudu na Al Boraq, wanda aka buɗe a Nuwamba 2018, zai kawo ka Tanja cikin awa biyu da minti goma.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka saki gidanka na Kano tukuna. Ka zo kai kaɗai a watan Janairu, lokacin da garin ya fi muni, ka kama ɗaki na wata ɗaya, ka yi aikinka awa-awa kamar yadda ka saba. A cikin watan ka je sashen baƙi ka karɓi jerin takardun da suke nema a rubuce, ka zauna da akanta, ka shiga gidaje biyar ko shida kana jan kabad. In ka koma kana son garin duk da ruwa da iska, sai ku taho tare a Satumba, lokacin da 'yan hutu suka watse haya ta sauko. Ka sanar da ni ranar saukarka in zo tashar jirgin ƙasa in tarye ka, kuma ka riƙo min daddawa da kuka. Ka gaida mutanen gida.